Ɗan Amshi Ma Ɗalibi Ne: Koyon Kiɗa da Waƙa a Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa

Duk lokacin da aka tashi maganar koya wa matasa sana'a a Jamhuriyar Nijar, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne ɗinki da walda da aikin kafinta da gyaran babur. Can ne cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi suka fi mayar da hankali, can ne kuma aka fi jin amon FAFPA, asusun da aka kafa domin tallafa wa horon sana'a da koyo a hannun gwanaye. Idan aka tuna da makaɗa da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo, yawanci abin da akan shirya musu bai wuce taron bita na 'yan kwanaki ba: a nuna musu sarrafa kyamara ko na'urar haɗa sauti, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Irin wannan horo yana iya fitar da mai sarrafa na'ura, amma da wuya ya fitar da mawaƙi. Jarin mawaƙin Hausa harshe ne, harshen waƙa kuwa a bayan gwani ake koyon sa, shekara da shekaru. Ƙasar Maraɗi tana da tsohuwar makarantar da ta daɗe tana wannan aiki ba allo ba rajista, wato zaman yaro a hannun ubangidansa. Matsayin wannan maƙala shi ne, duk wani shirin horar da masu fasaha a wannan yanki ya kamata a ɗora shi a kan wannan makaranta: a amince da ita a hukumance, a gyara aibinta, a biya masu koyarwa da masu koyo. Kuma kaso mai tsoka na wannan aiki ya rataya ne a wuyan masu nazarin harshe.

Fada biyu a bakin gulbi ɗaya

Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa musu sabon mazauni a Maraɗi a wajajen 1819. Gobirawa, waɗanda suka rasa Alƙalawa a 1808, sun sake shan kashi a yaƙin Gawakuke a 1836, daga nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Waɗannan masu hijira ba su baro sarautunsu a baya ba. Sun taho da tambura da kakaki da algaita, da maroƙan da suka haddace jerin sarakuna da kirarin kowannensu, da sarautun mata masu jagorancin bori, Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri. Saboda haka aka wayi gari da manyan fadoji biyu a bakin gulbi ɗaya, kowace da karin harshenta, Katsinanci da Gobiranci, kowace kuma da gidajen kiɗanta. Wannan ne ya jawo manazarta irin su Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas da Veit Erlmann suka zauna a yankin suna rubuta al'adunsa da kaɗe-kaɗensa.

Tsarin da ya riƙe wannan gado bai taƙaita ga makaɗa ba. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda kasuwancin birnin ya ginu a kan dangantakar ubangida da baransa: yaro ya yi shekaru yana hidima yana lura, ran da ya kawo ƙarfi a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Haka abin yake a Jiratawa, garin da ke kudu da Maraɗi wanda aka sani da noman rani da ginin tukwane. Ba a zaunar da ɗan magini a karanta masa yadda ake gina tulu. Yakan fara da ɗebo yumɓu da kwaɓa shi, ya yi ta ɓata ƙananan tukwane ana gyara masa, har hannunsa ya san kaurin da zai jure wuta. Mutanen wannan ƙasa sun san wannan hanya ta koyo, sun kuma yarda da ita a kasuwa da maƙera da majema. A fagen kiɗa da waƙa ne kawai ake ganin ta kamar zaman banza.

Abin da yaron makaɗi yake koya

Yaron da ya shiga hannun makaɗi yakan fara da ɗaukar kaya da shimfiɗa tabarma da shanya ganguna. Daga nan a ba shi ƙaramin abin kiɗa, kanzagi ko kuntukuru, wanda aikinsa riƙe kari ɗaya ba sauyi. Idan kunnensa ya zauna sai ya shiga sahun 'yan amshi, ya riƙa maimaita gindin waƙa. Sannu a hankali ya iya karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora ya ƙarasa shi, ya iya yin ƙari a inda jagora ya bar gurbi. Sai bayan shekaru ake sakin sa ya je ƙananan bukukuwa shi kaɗai. Ta wannan tsani Musa Ɗanƙwairo ya hau: ya yi amshi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi a bayan yayansa, kafin ya ja tasa ƙungiya.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka kiɗa kawai yaron yake koya. Ɗalibin ilimin harsuna ya san abin ya fi haka. Abu na farko da yake shiga kunnen ɗan amshi shi ne nauyin gaɓa. Binciken masana irin su Russell Schuh ya tabbatar da cewa karin waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, ya dogara ne da jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Wanda bai bambance gajeren wasalin farko na *gari* mazaunin mutane da dogon wasalin *gari* na tuwo ba, zai karya waƙa ko da muryarsa ta kai zuma zaƙi. Na biyu shi ne karin sauti. *Wuya* na jiki hawa ne da sauka, *wuya* ta wahala sauka ce da hawa, kuma kalangu da kotso suna iya furta taken mutum ne saboda suna bin wannan hawa da sauka. Makaɗin da bai san kalmomin da ke ƙarƙashin take ba, amo kawai yake bugawa.

Na uku shi ne rumbun kalmomi: sunayen dawaki da kayan yaƙi da tsofaffin sarautu da garuruwan da suka zama kufai, waɗanda ba a jin su yau a kasuwa ko a rediyo. Na huɗu kuwa, wanda ya fi sauran wuyar koyarwa, shi ne sanin muhallin magana: inda yabo ya dace, inda habaici ya isa, inda zambo zai jawo fitina, wanda ake ambata kafin wane a gaban sarki. Wannan sai wanda ya tsaya a bayan ubangidansa ya ga yadda fuskar fadawa take sauyawa da kalma guda. Cali-calin da ke kwaikwayon 'yan kokawa a filin wasa na Maraɗi, wanda aka raɗa wa sunan Kantu, zakaran farko na kokawar ƙasa a 1975, shi ma da wannan ilimi yake aiki, domin tsakanin ba'ar da ke sa dariya da wadda ke tayar da husuma tazarar ba ta da yawa.

Inda igiyar take tsinkewa

Abubuwa uku suke cin wannan tsari. Na farko tsohon raini ne. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi bayanin yadda al'ummar Hausawa take buƙatar maroƙi tana kuma ajiye shi a ƙasan tsani. Ɗan makaɗin da ya shiga boko yakan ɓoye sana'ar gidansu, iyaye kuma ba su cika son ba da 'ya ga mai rataye da ganga ba.

Na biyu sauyin fahimtar addini ne, wanda ya yi ƙarfi a Maraɗi. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi, aka auka wa wurare da dama, har da gidan Iya. Kowane irin hukunci mutum yake yi wa bori, abin da ya biyo baya a fili yake: masu goge da garaya da ƙwarya sun ƙara ja baya, kuma ɗimbin kirari da take da tsofaffin kalmomi suna hannun tsofaffin da ba su da magada.

Na uku kasuwa ce. Fiyano guda a situdiyo ta maye gurbin makaɗa biyar, kuma Kano, cibiyar finafinan da mutanen Nijar suke kira dandalin soyayya, tana janye masu murya. Fati Nijar haifaffiyar Maraɗi ce, amma a Kano ta yi suna. Babu laifi a cikin wannan, kuma situdiyo ba abokiyar gabar fasaha ba ce. Marigayi Sa'adu Bori ya ɗora kaɗe-kaɗen bori a kan kayan kiɗan zamani, abin ya karɓu har ƙetare, domin ya san tushen abin da yake sarrafawa. Matsalar tana tasowa ne idan aka fara ƙera kiɗa a na'ura, sau da yawa a kan karin waƙar wani harshe, sannan aka tilasta wa kalmomin Hausa shiga cikinsa. Nan ne ake jin an ja gajeren wasali, an danne dogo, an kifar da karin sauti, na'urar gyaran murya kuma ta shafe shaidar ɓarnar. Abin lura shi ne, ko a masana'antar fim ɗin tsarin ubangida bai mutu ba, har gobe ana cewa wane yaron wane ne. Abin da ya ragu shi ne tsawon zaman da zurfin abin da ake miƙawa.

Aibin tsohuwar makaranta

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Zaman yaro a hannun ubangida ba shi da wa'adi. Akwai wanda ya yi furfura yana amshi, ba a taɓa sallamar sa ba. Rabon abin da aka samu yana hannun jagora shi kaɗai, kuma sau da yawa ɗan amshin da ya ƙirƙiro ɗiya mafi daɗi a waƙa ba a jin sunansa ko a faifai ko a bakin jama'a. Wasu iyayengiji sukan ɓoye ilimi don tsoron kada yaro ya fi su, har su tafi da shi kabari. Gado yakan toshe ƙofa ga mai baiwar da ba ɗan gida ba, alhali Mamman Shata, wanda bai gaji kiɗa ba, ya isa hujja cewa baiwa ba ta tambayar asali. 'Ya'ya mata kuwa, ban da gidajen zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya, hanyarsu ƙunci gare ta. Uwa uba, yaron da ya tashi yana bin makaɗi gari-gari yakan rasa karatu, na allo da na boko.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan aibobi na sharuɗɗan zama ne, bai shafi hanyar koyarwar kanta ba. Wa'adi da rabo da suna da karatu abubuwa ne da yarjejeniya take iya gyarawa. Abin da babu yarjejeniyar da za ta iya samarwa shi ne kunnen da ya yi shekara biyar yana sauraren gwani. Wanda rufin ɗakinsa yake yoyo jinka yake sakewa, ba ya rushe ginin.

Darussa daga cikin gida

Nijar ba baƙuwar wannan gwaji ba ce. A 1989 aka buɗe cibiyar horar da makaɗa ta CFPM Taya a Yamai, wadda ta tara kayan kiɗan gargajiya ta kuma haɗa makaɗan gado da na zamani a inuwa ɗaya. Misalin da ya fi kowanne bayyana shi ne na Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi yankin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, wanda aka ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma. Ya zauna a gabansa zaman almajiri, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa cikin harshen Buduma, ya fitar da faifai a 2009, ya zaga duniya da biram kafin rasuwarsa a 2018. Kuɗin da aka kashe an kashe su ne wajen sada ɗalibi da malami da ba su lokaci. Labarin yana kuma ɗauke da gargaɗi: ilimin da ya rataya a kan ɗalibi guda yana nan cikin haɗarin da yake tun farko.

Wasan kwaikwayo ma haka. A zamanin Seyni Kunce, ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa sun cika garuruwa da 'yan wasa. Janet Beik, a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna cewa waɗannan ƙungiyoyi ba su dogara da rubutaccen wasa ba. Sukan amince a kan ƙashin labari, kowane ɗan wasa ya tufatar da shi da maganarsa, sabon shiga kuma ya koya ta kallon na gaba da shi. Da tallafin hukuma ya janye, yawancin ƙungiyoyin suka watse, kuma kaɗan ne daga abin da suka yi aka adana.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne a san gwanayen. Fadar Sarkin Katsina a Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri sun san makaɗansu da masu busarsu da sanƙirorinsu, amma kada rajistar ta tsaya a fada. Ta haɗa da makaɗan noma da na kokawa da na maƙera, da zabiyoyi, da 'yan kama, da masu bege da mandiri, da tsofaffin 'yan wasan samariya, da maginan Jiratawa. Japan ta fara irin wannan karramawa ga gwanayen fasaha tun a shekarun 1950, kuma yarjejeniyar UNESCO ta 2003 a kan gadon al'adu, wadda Nijar ta sa wa hannu, ta ɗora wa ƙasashe nauyin kula da miƙa ilimi daga tsara zuwa tsara.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya tsakanin ubangida da yaro da waliyyinsa: shekara nawa za a yi, me yaro zai iya a ƙarshen kowace shekara, nawa ne kasonsa idan an fita wasa, da sharaɗin ambaton sunansa a duk abin da aka ɗauka. A ba malami alawus, a ba ɗalibi na abinci, kamar yadda ake yi wa mai koyon walda. A buɗe ƙofa ga wanda bai gada ba, mace ko namiji.

Na uku, a raba mako biyu. Wasu kwanaki a gidan gwani, wasu a aji, inda za a koyi karatu da rubutun Hausa, da lissafin kuɗi, da haƙƙin mallakar fasaha da yadda ake rajista a hukumar BNDA, da sarrafa na'urorin situdiyo. A nan ne taron bitar da aka saba yake da gurbi. Jarrabawar ƙarshe kuwa a yi ta a fili, a gaban gwanayen fannin, takardar shaida ta biyo bayan hukuncinsu.

Rabon masu nazarin harshe

Ajin da aka ambata ba zai yiwu ba sai da littattafai, littattafan kuma ba za su samu ba sai an ɗauki waƙoƙin an rubuta su yadda aka rera su. A nan ne gizo yake saƙa. Ƙa'idar rubutun Hausa ta yau da kullum ba ta nuna karin sauti, ba ta nuna tsawon wasali, wato tana zubar da ainihin abubuwa biyun da ɗan amshi ya yi shekaru yana koyo. Ga kuma ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a kundayen ɗalibai, ta mayar da kowace waƙa zuwa daidaitacciyar Hausa da sunan gyara. Idan Bagobiri ya rera *sunka* aka rubuta *suka*, an mayar da gaɓa mai nauyi marar nauyi. Idan ya ce *yat tahi* aka rubuta *ya tafi*, an sake yin wannan ɓarnar. Idan ya ce *ɗiya* aka rubuta *'ya*, gaɓa guda ta salwanta. Wanda ya zo daga baya ya auna karin waƙar zai same shi a karye, ya ɗora wa mawaƙin laifin da na marubuci ne.

Saboda haka ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ba ya buƙatar tafiya nesa. Ƙamus na kalmomin makaɗan tambari a Tsibiri, da alamar karin sauti da tsawon wasali a kan kowace kalma, aiki ne cikakke. Haka kwatanta take da kirarin sarauta guda a bakin Bakatsinen Maraɗi da Bagobirin Tsibiri. Haka tattara kalmomin maginan Jiratawa, tun daga ramin yumɓu har wurin gashi. Haka nazarin kalmomin da gwani yake amfani da su wajen gyara wa yaronsa kuskure, domin a cikinsu akwai nahawun waƙa na gargajiya wanda ya kamata a jera shi kusa da kalmomin nazari da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daidaita, irin su gindin waƙa da ɗiya. Cibiyar CELHTO da ke Yamai tana wannan aiki na adana adabin baka tun 1968, kuma jami'o'in Yamai da Damagaram da Katsina da Sakkwato da Kano duk suna da ɗaliban da Maraɗi ba ta yi musu nisa ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko da yake ta fi karkata ga kimiyya da noma da lafiya, tana iya zama masaukin wannan taska.

Aikin yana da ladubbansa. A nemi izini kafin a kunna na'ura, a biya gwani lokacinsa, a rubuta sunansa da na 'yan amshinsa, a mayar masa da kwafin abin da aka ɗauka, abin da ya ce sirri ne a bar masa sirrinsa. Rubuta kirarin bori domin nazarin harshe ba shiga bori ba ne, kamar yadda malaman Larabci suka adana waƙoƙin Jahiliyya suka kafa hujjar nahawu da su ba tare da sun bi addinin mawaƙan ba.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi zai buƙaci kalmomi da salon magana na majalisa da kotu da aji, kuma kafin a zauna ƙirƙirar sababbi ya kamata a tambayi waɗanda suka riƙe tsofaffin. Da yawansu suna zaune a ƙofar fada a Maraɗi da Tsibiri, shekarunsu sun ja, 'ya'yansu sun kama kabu-kabu ko sun tafi ci-rani. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, don haka masu koyo ba su yi ƙaranci ba. Masu koyarwar ne suke ƙarewa, kuma kowace shekarar da aka ƙara ana shawara, da wuya ta wuce ba a yi jana'izar ɗaya daga cikinsu ba.